Wace gada zan bi in shiga Idumota daga Agege?

Ɗan Kantin Kwari:
Assalamu alaikum jama'a. Maigidana zai tura ni Ikko sarin kaya a karon farko, shi ƙafa ta hana shi tafiya bana. Zan sauka wajen kawuna a Agege, kasuwar kuma tana Idumota. An ce dole sai na haye ruwa, kuma gadoji uku ne. Gaskiya ni wadda ake kira Third Mainland ce ke ba ni tsoro, don wani ya ce min tana rawa idan mota na kai. Da gaske ne? Wacce ta fi sauƙi ga baƙo mai ɗauke da kuɗin mutane?

Baba Mai Goro:
Wa alaikumus salam, yaro. Allah Ya ba maigidanka lafiya. Ni tun 1978 nake Ikko, ina nan ba a gama doguwar gadar da kake tsoro ba. Idan Idumota ka nufa, gadar Carter ce taka, domin tana sauke ka a bakin kasuwar, ba sai ka yi tambaya ba.

Ita ce uwar gadojin garin. A 1901 aka gama gina ta karon farko, aka sa mata sunan wani gwamnan Turawa, Gilbert Carter. Kafin nan duk mai son shiga tsibirin Ikko, inda Idumota take, sai kwale-kwale. Tashar jirgin ƙasa tana Iddo, a bakin gadar, to da layin dogo ya iso Kano, kakanninmu fatake nan suke sauka su taka ta da ƙafa. Har wani ƙaramin jirgi mai tururi ya riƙa bi ta kanta tun daga 1902. Wadda muke hawa yanzu ba ta farkon ba ce, an rushe an sake ginawa a ƙarshen shekarun 1970. Ni duk sanda na bi ta sai na tuna mahaifina, Allah Ya jiƙansa, wanda ya riƙe hannuna a kanta ranar da na fara ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa.

Shawarata: ka hau jirgin Red Line daga Agege zuwa Oyingbo, daga nan ka shiga danfo mai zuwa Idumota. Kuɗin kuma ka bar su a banki, yanzu kowa na karɓar tiransifa.

Direba Habu:
Baba ya faɗi gaskiya, amma bari in cire maka tsoron. Kusan kullum ina bin Third Mainland. Tsawonta kilomita 11.8, daga Oworonshoki zuwa Adeniji Adele. Shagari ya buɗe kashin farko a 1980, Babangida ya ƙarasa ta a 1990, kuma ita ce mafi tsawo a Afirka har zuwa 1996 da wata ta birnin Alƙahira ta wuce ta.

Motsin da ake ji gaskiya ne, musamman idan kana tsaye a gosulo babbar mota ta wuce. Ba a zuba gadar a dunƙule ba, gaɓa-gaɓa ce, an bar ɗan tsakani da ƙarfe domin siminti na buɗewa da zafi ya tsuke da sanyi. Waɗannan gaɓoɓin ne suka lalace aka yi ta rufe ɓangarenta don gyara a 2020 da kuma farkon 2024. Abin da ni nake tsoro a kanta gudun direbobi ne da lalacewar mota da dare, don babu wurin raɓewa. Idan ka bi ta da safe, duba ƙasa wajen Yaba, za ka ga Makoko, gidaje a kan turaku cikin ruwa, yara na tuƙa kwale-kwale.

Maman Sadiya Obalende:
Kun manta da gadar Eko, wadda kamfanin Julius Berger ya gama a 1975. Tana sauka Apongbon, daga nan Balogun tafiyar ƙafa ce, in atamfa da leshi ka zo saya. A watan Maris na 2022 gobara ta tashi a shagunan da ke ƙarƙashinta, aka rufe wajen fiye da shekara guda. Mun sha wahala ƙwarai a lokacin, duk motoci suka koma Carter da Third Mainland. Har yau raina na ɓaci idan na ga ana ajiye janareta da fetur a ƙarƙashin gada.

In ka gama sari, ɗana, ka sa a kai ka gadar Lekki zuwa Ikoyi da magariba. Gwamna Fashola ya buɗe ta a 2013, igiyoyin ƙarfe ne ke riƙe da ita daga wani dogon ginshiƙi. Ka ɗauki hoto ka kai wa maigidanka.

Ɗan Kantin Kwari:
Na gode Baba, na gode Hajiya, Malam Habu Allah Ya tsare hanya. Zan shiga ta Carter, in dawo ta Third Mainland da rana. Baba, ƙarfe nawa ya kamata in bar Agege?

Baba Mai Goro:
Kana idar da sallar asuba ka fito.