Launin aikina yana dushewa da zarar na shigar da shi ɗaki

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa masu zane. Don Allah ku taimaka mini da shawara.

An ba mu aikin haɗa hoto da kayan tsintuwa, ban da fenti. Na manna fasassun kwalabe koraye da gwangwani mai tsatsa a kan allon katako. A rana, haske yana ratsa gilashin ya zubo da inuwa koriya a kan tsatsar, kuma saboda wannan inuwar na zaɓi gilashin tun farko. Amma fitilun ɗakin da za a nuna aikin masu 2700 Kelvin ne (Kelvin shi ne ma'aunin launin hasken fitila), haskensu ja-ja. Koren ya mutu, tsatsa da katako suka zama launi ɗaya, inuwar ta ɓace.

Na gwada ƙwan fitila mai 6500 Kelvin, koren ya dawo, sai tsatsar ta koma toka-toka.

Shin in nemi ƙwai mai CRI 90 ne (CRI shi ne ma'aunin yadda fitila ke nuna ainihin launin abu), ko matsalar daga inda hasken ke fitowa take? Inuwar ce ta fi damuna. In kafa fitila ɗaya daga gefe, ko in ɗan ɗaga gilashin daga jikin allon?