SIEM ko ma'ajiyar log? Wanda ya taɓa tsayawa a wannan mararraba ya ba mu labari

Na Sharaɗa: Assalamu alaikum. Ni ke kula da kwamfutocin wani kamfanin rarraba magunguna a Kano, babban sito ɗaya da rassa biyu. Kwamfuta kusan 60, saba 3 (manyan kwamfutocin da sauran ke dogara da su), fayawal ɗaya (na'urar da ke tace abin da ke shiga da fita ta intanet), kuma ni kaɗai ne sai wani ɗan bautar ƙasa da ke taimaka min. Watan jiya aka wayi gari an sauya farashin wasu kaya a manhajar sito, an sayar da su a ƙasa da kuɗin saye, kowa ya ce ba shi ba ne. Na garzaya in duba log, wato bayanan da na'ura ke rubutawa na duk abin da aka yi a cikinta, na tarar sabo ya riga ya hau kan tsoho, na kwana huɗu kacal ya rage. Alhaji ya ce in nemo magani kafin ƙarshen wata. Dillali ɗaya ya ce SIEM, wato manhajar da ke sa ido kan log ta yi gargaɗi, kawai zai fishe mu, ɗayan ya ce ma'ajiyar log ta ishe mu, kuma tazarar kuɗinsu ba kaɗan ba ce. Ba talla nake nema ba. Wanda ya yi aiki da ɗaya daga ciki da hannunsa, don Allah ya faɗa min abin da ya gani.

Baban Ummi, Kaduna: Wa alaikumus salam. Malam, na sha wannan ruwan, bari in ɗan tsawaita. Yadda nake yi wa shugabanninmu bayani shi ne, ma'ajiyar log littafin bakin ƙofa ce: wa ya shiga, ƙarfe nawa, me ya ɗauka. Tana tattara sawun da kowace na'ura ta bari, ta adana, ta ba ka damar bincike in buƙata ta taso. SIEM kuwa yana karanta littafin yayin da ake rubuta shi, ya haɗa wannan layi da wancan, ya busa usur in ya ga abin da bai gane ba. Amma usur kawai yake busawa. Fitowa da sanda aikin mutum ne.

Ina aiki a ƙaramin banki. A 2022 Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idojin tsaron intanet ga irin cibiyoyinmu, su fara aiki a Janairun 2023, hankalin hukumar gudanarwa ya tashi, aka sayo SIEM cikin gaggawa. Makon farko ƙararrawa ta rinƙa zuba kamar ruwan Agusta. Da na bi diddigi, mafi yawansu lamba 4625 ce, wadda Windows ke rubutawa in an yi ƙoƙarin shiga da kalmar sirri da ba daidai ba. Ashe wata na'urar sikana ce a reshe take ta ƙwanƙwasa saba da tsohuwar kalmar sirri dare da rana. Mu biyu ne a ofis, ga aikin yau da kullum, sai muka tura saƙonnin wani akwati muka daina buɗewa.

A cikin akwatin nan wata 4720 ta kwanta, wato an ƙirƙiri sabon asusu, ƙarfe biyun dare, ranar Asabar. Sai bayan kwana tara muka gan ta. Allah ya tsare, wani ɗan kwangila ne ya buɗe wa kansa ƙofa don ya rinƙa gyara daga gida, ba kuɗin da ya fita. Amma ranar ban iya cin abinci ba, don na'urar ta yi aikinta, mu ne ba mu yi namu ba. Wata uku muka yi muna tankaɗe da rairaya har muka rage dokokin ƙararrawa zuwa goma sha biyu. Yanzu in wayata ta yi ƙara da dare, tashi nake. Tambayar da zan yi maka ɗaya ce: in ta busa ƙarfe biyun dare, wa zai tashi a kamfaninku?

Maman Sadik, Abuja: Sannunku da ƙoƙari. Ni a kamfanin hada-hadar biyan kuɗi nake, mu ba a ba mu zaɓi ba. Ƙa'idar PCI DSS ta masu mu'amala da katin banki ta ce a ajiye log na aƙalla wata 12, na wata ukun ƙarshe ya zama a kusa, da an tambaya a fito da shi, kuma a duba na muhimman na'urori kullum. Daga ƙarshen Maris 2025 ma dubawar sai da na'ura, ba ido kaɗai ba. To mu dole SIEM.

Amma Malam, kai ma ba a bar ka a baya ba. Kuna riƙe da sunayen abokan ciniki da lambobin wayarsu da bayanan ma'aikata. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ce in an yi kutsen da zai iya cutar da mutane, a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72. Na taɓa zama na rubuta irin wannan rahoton. Tambayoyin da ke gabanka su ne yaushe aka shiga, ta ina, bayanan mutum nawa aka taɓa. Duk amsoshin a tsohon log suke. Da log na kwana huɗu ba abin da za ka rubuta. Ni dai a ce ka fara da adanawa.

Injiniya Mai Saba: Ba wanda ya yi maganar dala tukuna. Yawancin manyan masu sayar da SIEM da dala suke lissafi, kuma bisa yawan abin da ka zuba musu. Splunk ya shahara da caji kan gigabait nawa ke shiga a rana, Microsoft Sentinel ma kan gigabait ne, QRadar kuma kan adadin abubuwan da ke faruwa a daƙiƙa. Mun sa hannu da wani kamfanin waje dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Bayan an saki naira a Yunin 2023, kafin a kai tsakiyar 2024 ta haura 1,500. Ba a ƙara mana ko sisi a takarda ba, amma kuɗin ya ninka uku. Abin da ya fi min ciwo, sai muka fara cire na'urori daga sa ido don lissafi ya sauka. Ka sayi maigadi, ka koma kana rufe masa ido ɗaya don albashinsa ya yi sauƙi. Kafin ka sa hannu, ka auna gigabait nawa fayawal ɗinka kaɗai ke fitarwa a rana, shi ne mai cin tuwon.

Ɗan Maraɗi: Mu nan sefa a ɗaure take da yuro, don haka ba mu ga wannan tsallen ba. Matsalarmu layin intanet ne. In ya yanke, duk abin da ake turawa waje tsayawa yake. Shi ya sa muka ajiye manhajar tattara log ta Graylog a saba cikin ofis.

Abu Hanif: Ni ban ga abin wahala ba. Wazuh kyauta ne, tun 2015 da ya ɓalle daga wata manhajar tsaro mai suna OSSEC ake amfani da shi, yana tattara log kuma yana busa ƙararrawa, har yana gaya maka in an taɓa wani fayil. Ka sa shi a saba ɗaya ka huta da dillalan nan duka biyun. Shekara biyu ke nan yana min aiki a wata makaranta.

Baban Ummi, Kaduna: Abu Hanif, gaskiya ka faɗa, kayan aiki ne mai kyau, amma ka gaya masa sauran. Lasisi ne kyauta, lokacinka ba kyauta ba ne. Wa zai sabunta shi? Wa zai lura in ma'ajiya ta cika? Ka tuna Disambar 2021 da matsalar Log4j ta ɓarke, wato aka gano ƙofar kutse a wani ɓangare da manhajoji da yawa ke amfani da shi, masu ma'ajiyar log irin su Elasticsearch da Graylog ba su yi barci ba, don ita kanta ma'ajiyar sai da aka yi mata faci.

Abu Hanif: Haka ne Yaya. Ni ma ma'ajiyata ta taɓa cika a lokacin hutu, na yi asarar log na mako biyu ban sani ba. Tun daga nan na sa ƙararrawar farko a kan ma'ajiyar kanta.

Mai Rauta, Zariya: Abu biyu ƙanana da suka taɓa kayar da ni, kuma ba ruwansu da wanne ka saya. Na farko wuta. Rautoci, wato na'urorin rarraba intanet, da yawa a ƙwaƙwalwar wucin gadi suke riƙe log, da an ɗauke wuta kafin janareta ya tashi, komai ya goge. Wani otal da nake yi wa aiki aka yi musu ta'asa ta intanet ɗinsu, na zo da safe na tarar log ɗin ya fara ne daga ƙarfe shida, lokacin da aka kunna inji. Ka sa kowace na'ura ta tura nata ta syslog, hanyar da na'urori ke aika log, zuwa wata saba daban da ke kan inbata, nan take, ba sai dare ba. Hakan ma yana hana mai kutse share sawunsa. A Windows in an goge log ana samun lamba 1102, amma ina amfaninta in tana cikin kwamfutar da ɓarawon ke riƙe da ita?

Na biyu agogo. Na taɓa zama da log na fayawal da na sabobi ina neman haɗa labari, ɗaya yana kan lokacin Najeriya, ɗaya yana baya da awa guda, na uku kuma batirin agogonsa ya mutu yana nuna wata shekara can baya. Kwana biyu na ɓata. Ka ɗaura su duka a kan NTP ɗaya, wato sabar daidaita agogo, tun yau, ko sisi ba za ka kashe ba.

Maman Sadik, Abuja: Na koma na sake karanta tambayarka, Malam. Sauya farashi a cikin manhajar sito aka yi. Wannan ba zai fito a log na Windows ko na fayawal ba, sai in manhajar kanta tana rubuta wanda ya sauya me. Ka tambayi masu manhajar ko tana da wannan, a kunna, a kuma tura shi ma'ajiya. Sannan, kowane ma'aikaci da asusunsa yake shiga, ko kuwa?

Na Sharaɗa: Hajiya, kin taɓo inda yake ciwo. Yanzu na fito daga sito. Mutum bakwai ne ke shiga da asusu ɗaya, kalmar sirrin ma a rubuce take a jikin takarda an manna ta ƙasan kibod. Ko da na sami log na shekara guda, suna ɗaya zai nuna min. Na kira masu manhajar, sun ce akwai wurin rubuta sauye-sauye, a kashe yake tun ranar da aka girka ta.

Ga abin da zan kai wa Alhaji gobe. Kowa a buɗe masa asusunsa a makon nan. A gyara agogo. Akwai tsohuwar saba da muka ajiye bara, zan ƙara mata ma'ajiya in ɗora ta kan inbata, komai ya rinƙa zuba can, mu riƙe na shekara guda. Ƙararrawa uku kawai zan fara da su: sabon asusu, goge log, da sauya farashi bayan an tashi daga aiki. Maganar SIEM na kuɗi zan ce masa a dakata sai an ɗauki mutum na biyu, ko mu samu masu sa ido na dare da za mu biya. Baban Ummi, in ba damuwa, waɗanne ne sha biyun nan da kuka tsaya a kansu?

Baban Ummi, Kaduna: Ba damuwa ko kaɗan. Ukun da ka lissafa biyu suna cikin namu. Ƙara da shiga daga wata ƙasa, da duk wanda aka ɗaga zuwa matsayin admin, da shiga ta RDP daga waje, wato sarrafa kwamfuta daga nesa, wadda in ma tasharta ta 3389 a buɗe take a fayawal ɗinku ka rufe ta kafin ka kwanta yau. Sauran na banki ne, ba za su yi maka amfani ba. Kuma kar ka manta ka cire asusun ɗan bautar ƙasar nan ranar da ya gama.