Me za a ci bayan sha ɗayan dare a hostal, ga shi babu firji?

'Yar Aji Ɗaya:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san zaman hostal. Mu huɗu ne a ɗaki, babu firji, an hana rishon lantarki, wuta kuma sai ta ga dama take zuwa. Masu abincin da ke kusa suna tashi wajen ƙarfe tara, mu kuwa karatu kan kai mu ɗaya ko biyun dare. Abin da muke da shi butar lantarki ce ɗaya, filas, kula biyu, sai ƙaramin gas a kicin ɗin ƙasa. Me za mu riƙa ci wanda ba zai ɓata ciki ba? Sannan shinkafar da aka dafa da azahar, in ta kai dare a kula, za a iya ɗumamawa a ci?

Anti Mai Girki:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara da shinkafar, don nan hatsarin yake. Kada ku ci. Ɗanyar shinkafa na ɗauke da wata ƙwayar cuta, Bacillus cereus, wadda dahuwa ba ta gamawa da ita. Idan shinkafar ta huce ta zauna da ɗumi-ɗumi, ƙwayar sai ta hayayyafa ta saki guba, gubar kuma ɗumame ba ya kashe ta. Shi ya sa za a ɗumama har tana tururi, babu wari babu yauƙi, amma cikin awa ɗaya zuwa shida amai ya taso. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a buɗe ba, a zafin Afrilu kuwa awa ɗaya.

Gyaran shi ne ku matsar da girkin zuwa bayan isha'i. Kafin ki sauke tukunya, zuba tafasasshen ruwa a kular ki rufe minti 10, sannan ki zubar ki juye abincin yana tururi. Ki cika ta har baki, domin kular da aka zuba rabi saurin hucewa take yi, kuma kada a yi ta buɗewa ana ɗiba. A haka kula mai kyau takan riƙe zafi awa huɗu. In kin buɗe ba ki ga tururi ba, murfin kuma bai yi gumi mai zafi ba, ki haƙura da shi.

Garau-garau ya fi dacewa da wannan: gwangwani biyu na shinkafa, ɗaya na wake, ya ishi mutum huɗu cin dare. Mai da yaji a ajiye daban, tumatir da albasa sai lokacin ci za a yanka. Miyar da aka sa kifi ko ƙwai ita ce ke fara juyawa, don haka kada a haɗe ta da shinkafar a kula ɗaya.

Ɗan Samaru:
Anti ta yi gaskiya, sai dai ba kullum ake samun sukunin sauka kicin ba. Abin da ya fi rufa asiri shi ne busasshen abinci da ruwan zafi.

Garin kwaki tukuna. Rabin gwangwani ya isa, don yana kumbura. A zuba ruwa a tsiyaye na farko, dussa da datti su tafi, sannan a sa ruwan sha mai tsabta, sukari cokali ɗaya, madarar gari cokali biyu, da ƙuli-ƙuli ko soyayyar gyaɗa cikin tafin hannu. Gari zalla sitaci ne, in babu gyaɗar da madarar, kafin awa biyu yunwa ta dawo. Muhimmin abu shi ne ajiya. A juye shi daga leda zuwa roba mai murfin da ke kamawa, domin zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin ɓera yake yaɗuwa, gari kuma ba dafa shi ake yi ba kafin a sha. Ƙuli-ƙulin da ya yi laushi, ko ya yi fumfuna, ko yake ɗaci, a zubar.

Sai kunu. Ku zo da garin kunu daga gida, wanda aka tankaɗe da citta da kanumfari. A dama cokali uku da ruwan sanyi kaɗan, kaurinsa kamar na ƙullun masa, sannan a sheƙa ruwan da yake kan tafasa a lokaci guda, a rufe minti biyu kafin a juya. Yawancin kunun da ke tsinkewa, ruwan filas ne sila: ya riga ya sauka daga tafasa, ba zai dafa sitacin ba. Ko kuma an cika ruwan damun. In ya tsinke, mayarwa kan wuta ana juyawa ne kawai maganinsa. Ranar da babu wuta, ruwan filas sai dai a jiƙa Quaker Oats da shi, a rufe minti biyar.

Dabino, kilishi da dambun nama da aka soya ya bushe sosai duk suna zama ba tare da firji ba. Kifin gwangwani kuma in an buɗe a cinye shi a daren.

Injiniya Ƙarami:
Ni maganar butar zan yi, 'yar uwa. Ki duba ƙasanta za ki ga an rubuta ƙarfinta, yawanci wat 1,500 zuwa 2,200. Mai wat 2,000 tana jan kusan amfiya 9 (ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya), alhali fulogi mai baki uku iyakarsa 13. Da zarar wata ta jona dutsen guga a kan wayar jone guda, an wuce iyaka, kuma wayoyin jone masu araha ba sa kai 13 ɗin ma. Alamarsa fulogi ya yi zafi a hannu, ko bakin soket ya yi baƙi, ko ƙaurin roba. Buta ita kaɗai a soket ɗin bango. In an ɗauke wuta a zare ta nan take, musamman hitar da ake tsomawa a bokiti, don wutar takan dawo kowa na barci.

Kada a dafa Indomie cikin butar. Kumfa na tasowa ya gangara wajen wayoyi, mai kuma ya maƙale a gindi. A kakkarya ta a kula, a zuba tafasasshen ruwa ya ɗan rufe ta, a rufe minti shida, a tsiyaye, a sa rabin sinadarin da ke ciki da albasa. Na ce rabi ne saboda gishiri: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 a rana, sinadarin nan kuwa gishiri ya yi masa yawa.

Gas ɗin ya zauna a kicin. Duk sanda aka cika shi, a shafa ruwan sabulu inda kan ya haɗu da silinda. In kumfa na hurowa, yoyo yake. Gawayi ko rishon kananzir kuma kada su shiga ɗakin da aka rufe tagogi, ko da sanyin hunturu ya matsa, saboda iskar da ke kisa a cikinsu ba ta da wari.

'Yar Aji Ɗaya:
Allah ya saka da alheri. In mun sayo daga waje kafin a kulle ƙofa fa, kamar tsire ko awara? Ɗaya daga cikinmu tana fama da ƙwannafi.

Anti Mai Girki:
Tsire ki sa ya mayar kan wuta a gabanki har ya yi ƙara, a naɗe a takarda mai tsabta ba jarida ba, kuma a ci cikin awa biyu. Kabeji da albasar da aka yanka tun la'asar ku bar masa, ku yanka taku. Awara danshi gare ta, tana saurin tsami, ba ta jiran sha biyu. Gurasa ko burodi su ne za su jira, a haɗa da man gyaɗa ko ƙwai da aka dafa a lokacin, minti 10 daga tafasa.

Mai ƙwannafi ta rage yaji da soye-soye da dare, ta bar awa biyu zuwa uku tsakanin ci da kwanciya, ta kuma kwanta ta ɓarin hagu. Shayi mai kauri da Nescafé suna tayar da shi, ga shi rabin kafen ɗinsu, sinadarin da ke hana barci, na nan a jiki bayan kimanin awa biyar, wato kofin sha biyun dare bai gama sakin mutum ba har asuba. Kunu mara tsamiya ya fi mata. Idan abin ya zama kullum, ko ta ga bayan gidanta ya yi baƙi, ta je asibitin makaranta ba tare da jinkiri ba.