Neman kalma: me za mu kira "locomotor activity" a gwajin barasa kan ɓeraye?

'Yan uwa masu rubuta kimiyya da Hausa, ku zo mu daidaita kan wannan. Yawancinmu "motsi" muke cewa, ni kuwa ina ganin bai isar da saƙon ba.

Ku dubi gwajin kansa. Akwati ne buɗaɗɗe mai bango, an ja layuka a ƙasansa gida-gida, dabarar da wani masani mai suna Calvin Hall ya fito da ita a Amurka cikin shekarun 1930. A ba farin ɓera barasa gwargwadon nauyin jikinsa, a sa shi ciki, a ƙirga gida nawa ya ƙetare cikin minti biyar ko goma. Ɓeran da ya maƙale a lungu yana lasar ƙafa yana shafa fuska, ai motsi yake yi, amma ba a rubuta masa ko gida ɗaya. Abin da ake aunawa tashi ne daga nan zuwa can. Shi ya sa na tsaya a kan kai-komo.

Wani malaminmu ya kawo "zirga-zirga". Allah gafarta Malam, zirga-zirga da yawa a cikinta. Wanda ya yi taku uku ba a ce ya yi ta. Barasa kuwa fuska biyu gare ta: kaɗan takan ƙara wa dabbar kuzari, da yawa ta kashe mata jiki, har a kwantar da ɓera rigingine ya kasa juyowa. Dole kalmar ta iya hawa ta iya sauka. "Kai-komonsa ya ragu" yana zama daram a baki. "Kazar-kazar" ma sama kawai take hawa.

Roƙona ɗaya, kada a haɗa kai-komo da tangaɗi. Shi tangaɗi aunawarsa daban ce: sanda mai juyawa ake ɗora ɓera a kai, a ga daƙiƙa nawa zai yi kafin ya faɗo, gwajin da ake yi tun 1957. Barasa na taɓa ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya, mai daidaita tafiya, don haka ɓera na iya cika akwati da kai-komo alhali tangaɗi yake. Ɗalibin harhaɗa magunguna a Zariya ko Kano da ya cakuɗa biyun ya ɓata sakamakonsa.

Mutanen Sakkwato da Damagaram, a wajenku "kai-komo" ya fi gudu ko "kai-kawo"? Wanda ya fi yawa a baki shi za mu rubuta.