Muhawara: Gargajiyar wa ce waƙar godiyar Rinkart?

Bitrus: Jama'a, godiyar kaka ta ƙarato, za a sake kashe mana waƙar Martin Rinkart, Nun danket alle Gott, wadda ke kiran kowa ya gode wa Allah. Waƙarmu ta gargajiya, amma jan ta ake yi. Ku lissafa: aya ɗaya layi 8, kowane layi bugu 8, jimla 64. A bugu 96 cikin minti, aya tana cin daƙiƙa 40, ayoyi ukun minti 2 cif. Sai a sauke ta zuwa 60, layi ɗaya daƙiƙa 8, ga doguwar tsayawa a ƙarshen kowane layi. Numfashi ya ƙare a tsakiyar kalma, sofrano, masu siririyar murya, su fara zamewa ƙasa, kafin aya ta uku an bar kibod shi kaɗai a sama. Masu ba da waƙa, me muka yi muku?

Rifkatu: Malam Bitrus, gargajiyar wa? A Eilenburg ta ƙasar Jamus aka rubuta ta, wajen 1636. Gargajiya tana wurin Zumuntar Mata: mai ba da waƙa ta jefa, sauran su amsa, babban tulu ya riƙe ƙasa, ƙaramin ya riƙa yanka, kuge ya tsare lokaci, kacau-kacau ya cike gurbi. Ba mai duba littafi.

Ishaya: Mama, abin da kaka ta rera, uwa ta rera, jika yake rerawa, in bai zama gargajiya ba me ya zama? Masara ma baƙuwa ce a ƙasar nan, ban ji mai ce wa tuwonta abincin baƙi ba.

Rifkatu: Ɗana, ƙirga gaɓoɓin ka gani: 6, 7, 6, 7, sannan 6 sau huɗu, gaɓa 50 a aya. An yanka ta ne daidai bakin Bajamushe. Ka sa "Ubangiji" a layi mai gaɓa 6, huɗu sun tafi, saura biyu. Dole mai fassara ya datse magana, ko ya cusa gaɓa biyu a sauti ɗaya. Ga gaɓa mai nauyi ta faɗa kan gajeren bugu, ga murya ta hau inda Hausa take sauka. Waƙar da aka haifa a harshen nan ba ta wannan faɗa da shi.

Dauda: Ku daina wahalar da kanku, waƙar tana da masu ita. Rinkart fasto ne na Lutheran. Johann Crüger, wanda ya buga muryar a littafinsa a 1647, mai kula da waƙa ne a majami'ar Lutheran a Berlin. In ana maganar gado, mu ne magada.

Hannatu: Yaya Dauda, a hankali. Waɗanda suka kawo muku bishara Numan a 1913 daga Denmark suka zo, ba daga Jamus ba. Kuma wadda ta cika littattafan waƙoƙin Turanci fassarar Catherine Winkworth ce ta 1858, 'yar Ingila. Kowa ya ci gadon.

Dauda: Denmark ɗin wace ɗarika ce? A bar kaza cikin gashinta.

Yohanna: Ni tambayata daban. Ayoyi biyun farko daga littafin Sirak 50:22-24 aka ɗauko su. Ku buɗe littattafai 66 ɗinmu ku nuna mini Sirak. Yaya za a kira ta gargajiyar ikilisiya alhali tushenta Afokirifa ne, wato littattafan da ba sa cikin 66 ɗin nan?

Hannatu: To, an zo wurin. Ɗan'uwa, Katolika suna da Sirak a Littafi Mai Tsarki, Angilikan suna karanta shi don koyon zaman duniya, Martin Luther kansa, wanda ɗarikar Lutheran ta samo suna daga gare shi, ya fassara shi ya ce yana da kyau a karanta. Wace kalma ce a waƙar ta saɓa wa Zabura? Aya ta uku kuwa ɗaukaka ce ga Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ita ma a cire?

Yohanna: Ban ce a cire ba. Na ce a gaya wa mutane abin da suke rerawa.

Ishaya: Kai ka fara gaya wa naku.

Bitrus: Don Allah maganar gudu nake yi! Ga ma wata matsalar: a sol-fa, wato do re mi, layin farko s s s l l s, na biyu m f m r m r d, kowa ya iya. A layi na shida ne murya take karkata, fa ta zama fi. A ki na F, maimakon B mai sauka sai B tsantsa. Rabin majami'a suna rera fa, kibod yana buga fi, kunne ya yi tsami. Maganinsa a ware layin a maimaita shi da sol-fa kafin a sa kalmomi, alto da teno kowa daban.

Baba Ayuba: Bitrus, gudun me kake so? Rinkart a cikin yaƙin shekara 30 ya yi hidima, 1618 zuwa 1648. A annobar 1637 ya binne sama da mutum 4,000. An ce ma don sulhun 1648 ya rubuta ta. Irin wannan ba a rera ta da rawar kai.

Hannatu: Baba, da girmanka, waƙar da ke cikin littafi tun 1647 ba ta jira sulhun 1648 ba. Addu'ar cin abinci ce tun asali. Wa ke jan addu'a tuwo na hucewa?

Rifkatu: Kun gani? Yaƙinsu, annobarsu, teburinsu. Sannan a ce gargajiyarmu.

Ishaya: Mama, a sa mata tulu da kuge mana, sai ta zama taku.

Dauda: Kada a kuskura. Ganga tana tafiya ne ba tsayawa, waƙar nan kuwa tana neman numfashi a ƙarshen kowane layi. Mai ganga ya wuce, jama'a su tsaya, a layi na uku an rabu gida biyu. Haka yaran da ke danna kiɗan da ke cikin kibod, su ma suke watsa ta.

Ishaya: Kullum yara. Wa ke danna madannin sauya ki ya ɗaga ta zuwa G, har la ta kai E, tsofaffi su yi shiru? Ba yara ba ne.

Baba Ayuba: Da wa kake?

Dauda: A matsayina na mai kula da zauren nan, na rufe. Abin da aka cimma: waƙar ta gargajiya ce, kuma an tabbatar gadon Lutheran ce, ba wanda ya kawo hujjar da ta ture wannan. Ƙorafin da aka yi kan Sirak ba shi da tushe. Maganar Mama Rifkatu ra'ayi ne, muna girmama shi. Za a rera ta a F, da muryar ogan, ba ganga ba tulu. Gudu kuwa, kowace kwaya ta bi mai kibod ɗinta. Wanda ya sake ɗago zancen Denmark zan goge.