Wai Fada ne ke da ikon hana aure ko iyaye?

Maman Biyu: Jama'a ina kwana, ni dai abin nan ya ishe ni. Mu 'yan Katolika ne, ƙanwata za ta auri wani ɗan cocin ECWA a nan Sakkwato, an kai sadaki, iyaye sun yarda, dangin miji suna so a ɗaura a cocinsu, sai Fada ya ce sai an rubuta wa Bishop neman izini tukuna in ba haka ba ba ta ƙara karɓar Jibin Ubangiji. Shi ya haife ta? Aure ai na iyaye ne.

Ɗan Zuru: Gaskiyarki Mama. Kakanninmu sun yi aure ba takarda kuma Allah ya sa albarka.

Katikis: Ku yi haƙuri in sa baki. Fada bai hana ba. A koyarwarmu ma ango da amarya su ne ke ba juna sakramentin aure, Fada shaida ne a madadin Ikilisiya tare da shaidu 2. Tun babban taron bishop-bishop na Tirent a 1563 aka sa wannan ƙa'ida saboda auren ɓoye ya yi yawa, namiji ya yi wa mace alkawari a ɗaki gobe ya ce bai san zancen ba ya auri wata, ita a bar ta da ciki ba mai tsaya mata.

Maman Biyu: To Baba Katikis wannan na ɓoye ne? Unguwa kaf ta sani.

Katikis: Ba na ɓoye ba ne 'yata, shi ya sa akwai hanya. Dokar coci ta 1983 ta ba Bishop ikon yarda a ɗaura a cocin mijin, Fasto ya ɗaura kuma ya zama aure a wurinmu. Ita kawai za ta yi alkawarin riƙe bangaskiyarta da yin iya ƙoƙarinta yara su samu baftisma a Katolika, shi kuma a sanar da shi.

Ɗan Zuru: Nan ne ban yarda ba Baba, 'ya'ya ai na uba ne, ka jefa yarinya cikin rigima tun ba ta tare ba.

Malama: Gara a yi rigimar yanzu yayana. Ni nawa mijin ba ɗan Katolika ba ne, zaman da muka yi gaban Fada ne ya sa muka yi maganar yara baki da baki, da sai ranar suna za a yi ta.

Maman Biyu: Na ji, amma zancen hana Jibin nan har yanzu yana ci mini rai wallahi, yarinyar da ke cikin mawaƙan coci tun tana firamare. Baba gobe bayan Mas ɗin safe za mu same ka da takardar baftismarta.