Mahaifiyarta ta rasu da sankarar mama, ta ci gaba da shan folic acid?

Baban Ummi, Ringim: Assalamu alaikum. Maiɗakina tana da cikin wata 2, a wurin awo an ba ta folic acid da B-complex. Sankarar mama ce ajalin mahaifiyarta, yanzu maƙwabta sun tsorata ta wai bitamin B na ciyar da daji. Ta daina ko ta ci gaba?

Sista Ungozoma: Malam, kada ta daina. Folic acid shi ne B9, shi ke taimakawa lakar bayan jariri ta rufe, kuma aikinsa mafi girma a farkon ciki ne. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta bayar maikirogiram 400 ne kullum. A 2013 mujallar likitoci ta Lancet ta wallafa binciken da ya haɗa gwaje-gwajen mutum kusan 50,000, ba a ga ya ƙara sankara ko ya rage ta ba, har da ta mama.

Mai Kemis, Gumel: Ta riƙa cin zogale da wake da hanta kawai. Ai kyauta ma ake ba da ƙwayar.

Hajiya Yalwa: Kyauta a ina? A ƙauyukanmu rubutawa ake yi ka je ka saya. Kuma wadda ke kasuwa ƙaramar rawayar nan ce mai miligiram 5, ta ninka 400 ɗin fiye da sau 12.

Sista Ungozoma: Gaskiyarki Hajiya. Miligiram 5 na masu sikila ne, da masu shan maganin farfaɗiya, da wadda ta taɓa haihuwar jariri mai buɗaɗɗen baya. Ganye kuwa bai wadatar, doguwar dahuwa na cinye sinadarin. Inda ake taka tsantsan shi ne mai karɓar maganin daji irin su capecitabine ko methotrexate, ita kam sai da izinin likitanta.

Ɗan Gwaram: Zogalen ma yanzu sai mai hali, akuya ta riga mu!

Malam Nas: Ba bitamin ke kashe matanmu ba, jinkiri ne. Mace ta ji ƙullutu, a ce daji ba ya son allura, a yi ta shafe-shafe har nonon ya fashe yana wari, sannan a kwaso ta zuwa Asibitin Malam Aminu Kano. Mai ciki ma sai a ce ruwan nono ne. Ƙullutu mai tauri marar ciwo, kan nono ya shige, fata ta yi kamar ɓawon lemo, ƙari a hammata: a yi hoto, a ɗebi nama a gwada.

Mai Kemis, Gumel: Nas, kai ba likita ba ne.

Malam Nas: Ku kuwa da ke tsira wa mata allurar B-complex da sunan ƙarin jini ba tare da auna jinin ba fa?

Hajiya Yalwa: Har da haɗa musu dexamethasone wai maganin ƙiba. Wa ke duba kemis ɗin ƙauye ne?

Baban Ummi, Ringim: To tata mai miligiram 5 ce, in canza mata?